Jinyar cutar ci da amai ta intanet: me ake sauyawa don matan Japan?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Tsarin CBT-E, wato jinyar cutukan cin abinci ta hanyar tattaunawa don gyara tunani da ɗabi'a, da Christopher Fairburn ya tsara a Oksfod ta Ingila, zama 20 ne cikin mako 20. In za a yi shi ta intanet ga matan Japan masu bulimiya, wato a ci har a wuce ƙima sannan a ƙaƙaro amai, fassara kaɗai ta isa?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba ta isa ba, amma ginshiƙin kada a taɓa shi: ci sau uku a rana, ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku, kada tazara ta wuce awa huɗu, hawa sikeli sau ɗaya a mako. Kwanon ake sauyawa. A cika jadawalin da shinkafa, miyar miso ta waken soya, kifi da onigiri, wato curin shinkafa. Shinkafa na cikin abin da mai tsoron ƙiba ke fara gudu, don haka a dawo da ita da awo bayyananne, kwano guda, ba "kaɗan" ba. Shagunan konbini kuwa, wato ƙananan kantunan unguwa masu sayar da abinci, da yawansu ba sa rufewa dare da rana, sai a tsara mata hanyar komawa gida da abin da za ta saya tun kafin ta shiga.

Amsa ta biyu:
Sai batun lamba. A Japan ƙiba daga BMI 25 take farawa (BMI awon nauyi ne gwargwadon tsawo), ba 30 ba kamar a ma'aunin duniya, kuma kusan mace ɗaya cikin biyar 'yan shekara 20 zuwa 29 tana ƙasa da 18.5, wato a rame take. Ga kuma "nauyin Sindarela", BMI 18, da ake yayi. In ba a tattauna wannan ba, marar lafiyar za ta dubi ƙawayenta ta ce ita ce mai ƙiba.

Amsa ta uku:
Malama, inda aka fi tuntuɓe shi ne enryo, irin kawaicin nan. Tambayi marar lafiya "ya makon?" ki ji "daijobu", wato lafiya lau, alhali ta yi amai kullum. A tambaya da lamba: sau nawa, ƙarfe nawa. A ba ta zaɓin rubutu maimakon bidiyo, don mai zama da iyayenta ba za ta buɗe baki ana jin ta ba. In uwa ce ke girki, a nemi izinin marar lafiyar kafin a sa uwar ciki.

Yawan amai na zubar da sinadarin fotasiyam har bugun zuciya ya rikice. Gwajin jini tilas ne, kuma wadda ta rame ƙwarai asibiti za ta.