Yaya kuke auna abin da mai shi kaɗai ke ji?

Ɗalibar digiri na biyu: Assalamu alaikum. Bincikena a kan zafin ciwo ne, da ma'aunin nan na 0 zuwa 10, inda mara lafiya ke faɗin lamba: 0 ba ciwo, 10 ciwo mafi tsanani. Dattijo na gumi, ya dafe ƙugu, ka tambaye shi ya ce 3, ya ƙara da hamdala. Saurayi da ɗan targaɗe kuwa ya ce 9. Waɗanda suka taɓa irin wannan aiki, ya kuka yi?

Malamar jinya: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. A ɗakin haihuwa abin ya fi haka. Mai haihuwar fari, in uwar mijinta na tsaye, ko naƙuda ta kai inda ta kai ba za ta faɗi gaskiyar lamba ba, kunya ce. Sai na sallami kowa, in ba ta takarda mai layi na santimita 10, ta sa alama da biro, in auna da rula. Ba na gwada ta da wata, da kanta nake gwada ta, kafin magani da bayansa.

Mai gwajin kunne: Mu ba ma tambayar "kana ji sosai?" Za mu sa masa na'ura a kunne, in ya ji sauti ya ɗaga hannu. Mu rage desibel 10 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan), in ya daina ji mu ƙara 5, har mu gano iyakarsa. Akwai masu ɗaga hannu don kawai su faranta mana, shi ya sa nake barin tazarar shiru da gangan, in ga wa zai ɗaga.

Malamin jami'a: Madalla. Ai tun 1860 Gustav Fechner ya fitar da tushen wannan hanya a Jamus, bisa aikin Ernst Weber na ba mutum kaya biyu ya faɗi wanda ya fi nauyi. Ɗalibaina da suka koma auna bugun zuciya da gumin tafin hannu sun sha wuya, don tsoron na'urar ma na ɗaga bugun da gumin. Malama ɗaliba, kada ki jefar da 3 ɗin dattijon. Ki rubuta wa ke ɗakin, wa ya yi tambayar.

Ɗalibar digiri na biyu: Na gode ƙwarai. Anti mai jinya, waɗanda ba su saba riƙe biro ba fa?

Malamar jinya: Su nuna da yatsa, ke ki sa alamar.