Muhawara a zauren gari: shekaru ne hankali?

Hedimasta: Assalamu alaikum. Jama'a, raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba. Daren Lahadi, muna dawowa daga kasuwar Gujungu, aka turo saƙon murya cikin zauren nan na WhatsApp wai an saki ruwan madatsar Tiga, kafin asuba zai shafe fadama. Gida uku suka kwana da lauje da tocila suna yankan shinkafar da ba ta ƙosa ba. Yau Laraba, kogi yana nan inda yake. Na daɗe ina faɗa, masu zuba ra'ayi a wayoyin nan yara ne, ba hankali, ba tarbiyya. Shawarata Admin ya kulle zauren, wanda bai kai arba'in ba ya riƙa karantawa kawai. Ai ko a Alƙur'ani arba'in aka ambata wajen cikar mutum.

Sarkin Noma: Wa alaikumus salam. Ina bayanka, Malam. Na je na ga shinkafar da idona. Ka matsa ƙwayar da farce sai ka ga ruwa fari kamar nono. Kwana goma kacal ya rage mata. Yanzu in an casa rabi ƙaiƙayi ne, ɗan kasuwa ko kallon irin wannan shansherar ba zai yi ba. A da magana irin wannan sai ta bi ta ƙofar Dagaci kafin sanƙira ya ɗaga murya.

Mai Caji: Baba Hedimasta, kai ka koya mini ABCD, ba zan yi maka musu don raini ba. Amma a koma sama a duba wanda ya turo saƙon. Ba zan kama suna ba, babanmu ne, ya haura sittin, kuma na san tsoron kada a yi asara ne ya sa shi. Ni kuwa shekarata 24, ni na fara cewa a dakata. Ku sake saurara da kyau: mai maganar yana roƙon Gwamna Badaru ya kawo ɗauki. Badaru ya sauka tun Mayun 2023, Namadi ne a kujera. Saƙon ambaliyar 2022 ne ya zagayo. Har kibiya biyu akwai a samansa, alamar da WhatsApp ke sa wa saƙon da ya sha yawo. Na rubuta haka ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintoci, aka ce yaro ya yi shiru manya na magana.

Sarkin Noma: To, ni ban ga naka ba. Rubutu ka yi, mu kuma murya muke ji.

Mai Caji: Gaskiya ne, Sarki, nan na yi kuskure. Da murya ya kamata in yi.

Malamar Asibiti: Ku ba ni dama, iyayena. A 2014, lokacin Ebola, waye bai tashi cikin dare ya yi wanka da ruwan gishiri ba? Ni kakata ce ta tashe ni, ita kuma ƙaninta ne ya bugo mata waya daga birni. Wasu har sha suka yi, masu hawan jini suka kwanta asibiti, an ma rasa rayuka a ƙasar nan. Mu koma baya kaɗan. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, sai a Yulin 2004 aka dawo da shi. Lokacin babu WhatsApp, babu wanda ya san Facebook a nan. A zaure da majalisa aka yaɗa maganar, kuma masu furfura da masu digiri ne a gaba. Ban ce tsoronsu ba shi da tushe ba, mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 lokacin sanƙarau ba. Amma yaran da suka shanye a tsakanin nan fa? Akwai ɗaya da ke zuwa wurina awo, yanzu ita ma uwa ce, da hannu take jan jiki ta hau barandar asibiti, silifa a tafin hannunta. Duk ranar da na gan ta sai na tuna cewa ba yaro ne ya yanke mata wannan hukuncin ba.

Hedimasta: 'Yata, na ji, kuma ban musa ba. Amma ku amsa mini wannan. Oktoban 2024, da tankar mai ta kama da wuta a Majiya, nan kusa da mu a Taura, mutum fiye da 150 suka rasu. Su waye suka tsaya da waya suna ɗaukar gawarwakin bayin Allah suna watsawa? Dattawa ne? Akwai uwayen da ba a kai ga yi musu gaisuwa ba, hoton ya riga mai gaisuwar isa gida. Ni na wanke gawa ba ɗaya ba ba biyu ba, abin da aka fara koya mana shi ne sutura. Yaron da zai ga ɗan'uwansa a wannan hali tunaninsa ya tafi kan mutum nawa za su kalla, ku ce mini yana da hankali?

Mai Caji: Wallahi Baba a nan ba ni da bakin magana. Sa'o'ina ne suka yi. Washegari a shagona wayoyi sun fi talatin a jere kan benci, kowa ya zo karɓar tasa sai ya ce in tura masa bidiyon. Na ƙi, wani har ya daina kawo mini caji. Amma abin da ya tsaya mini a rai, masu tambayar ba samari kaɗai ba ne. Har da masu jika.

Na'ibi: Bismillah. Malam Hedimasta, yayana ne kai, amma ayar da ka jawo a gyara mata zama. Tana cikin Suratul Ahƙaf, kuma abin da ta nuna shi ne wanda ya kai arba'in yana roƙon Allah ya ba shi ikon godiya da aiki nagari, ya shirya masa zuriya. Ba ta ce wanda bai kai ba ya rufe baki ba. Ayar da ta dace da abin da ya same mu tana Hujurat, aya ta 6: in fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika, kada ku cutar da mutane cikin rashin sani ku wayi gari kuna nadama. Wannan umarni bai ware tsoho ba, bai ware yaro ba. Sannan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Yau ba sai ka buɗe baki ba, yatsa ɗaya ya isa. Kuma Shehu Usmanu yana ɗan kimanin ashirin ya fara wa'azi. Da an ce ya jira arba'in fa?

Ɗalibi: Allah ya saka, Malam. Ina Dutse amma ina biye da ku. Malam Aminu Kano an haife shi a 1920, jam'iyyarsa ta NEPU kuma a 1950 aka kafa ta, lissafin a fili yake. Tun 2018 doka ta ba ɗan shekara 25 damar tsayawa takarar majalisar wakilai. Wanda zai iya wakiltar Ringim da Taura a Abuja, a ce ba zai iya magana a zauren garinsu ba?

Hedimasta: Kai ɗana, Malam Aminu karatu ya yi kafin ya yi magana. Ku kuwa zagi. Na ga yaron da in ya gamu da ni a hanya sai ya cire takalmi ya durƙusa, amma a Facebook yana ce wa sa'an kakansa jahili. Wanne ne shi a ciki?

Ɗalibi: Duka biyun shi ne, Baba, kuma abin yana damuna kamar yadda yake damunka. A hanya yana ganin idonka, kunya ta riƙe shi. A waya babu ido, babu mai yi masa gyaran murya. Sannan ita manhajar an gina ta ne ta riƙa ɗaga abin da aka fi tankawa. Ka rubuta yadda ake maganin tsutsar masara, mutum biyar za su gani. Ka zagi wani babba, kafin la'asar an yi caa a kai, ita kuma ta ƙara watsa shi. Yaro ya ga an san shi, gobe ya ƙara gishiri. Amma a tambaya, wa ke saya wa masu zagin 'yan siyasa data? Kafin su ai akwai sojojin baka a gidajen rediyon Kano, magidanta ne, wasu da furfura. A hannunsu aka koya.

Sarkin Noma: Nan kam ka taɓo gaskiya. Amma duk da haka ni ban yarda a bar zaure sakaka ba. Tsoho in ya yi kuskure, tsoro ne. Yaro kuwa sau da yawa neman suna ne.

Malamar Asibiti: Sarki, shinkafar da aka yanke ba ta san bambancin ba.

Manomin Fadama: Salamu alaikum. Ɗana ne ke karanta mini, ni na ce ya danna mini in yi magana. Ina cikin ukun da ake faɗa. Ban ga laifin wanda ya turo ba, aminina ne, jiya ya zo har gida ya kasa haɗa ido da ni. A 2022 ruwa ya ci mini komai, jinga ta ɓalle muna kallo, buhu ɗaya ban ɗauka ba, sai da na sayar da saniya a Maigatari na biya bashin taki. Wanda ya ga wannan, in aka ce masa ruwa na tafe ba ya tsayawa tambaya. Abin da ya fi yi mini ciwo, ɗan nan nawa ya ce Baba mu je gada mu haska mu ga ko ruwa ya ƙaru, tafiyar minti ashirin a babur. Na daka masa tsawa na ce ɗauko lauje. Shekararsa 17. Malam Hedimasta, in aka rufe bakin yara a zauren nan, nawa aka fara rufewa, kuma ni na riga na gwada.

Hedimasta: Allah ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa. Maganarka ta shige ni. Na janye batun arba'in. Amma batun zagi da hoton gawa ban janye ba, kuma ba zan janye ba. Duk wanda ya sa irin wannan a nan a fitar da shi, ko ɗan wa ye, ko shekararsa nawa.

Admin: An ji. Daga yau labarin ruwa, cuta ko tsaro, wanda ya turo zai faɗi wa ya gaya masa da kuma yaushe. In babu, zan goge. Mai Caji da Na'ibi sun zama admin tare da ni, kuma duk gyaran da za a yi a yi shi da murya saboda iyayenmu. Hoton gawa ko zagi, fita kai tsaye.

Sarkin Noma: Ni dai har yanzu ina ganin a sa Dagaci a ciki, zan same shi bayan Juma'a. Gobe bayan asuba kuma gayya a fadama, mu baza shinkafar nan a rana kafin ta yi baƙi. Mai tamfol ya taho da shi.

Mai Caji: Ina da biyu, Sarki. Zan rufe shago in taho da samari.