Shawarwarin tafiyar aiki daga bakin waɗanda suka saba

Da masu yawan tafiyar aiki suka zauna tattaunawa, maganar takardu ce ta fi cin lokaci. Kowa ya yarda a duba fasfo tun kafin a sayi tikiti, domin ƙasashe da yawa ba sa barin mutum ya shiga sai fasfonsa na da sauran aƙalla wata 6. Bizar yawon buɗe ido kuma ba lallai ta halatta maka harkar kasuwanci ba. Nemi wasiƙar gayyata daga waɗanda za ka gani, ka ajiye hoton kowace takarda a waya.

Kan kaya an ɗan saɓa. Wasu sun ce jakar hannu kaɗai ta isa, wasu suka ce sam. Ni dai ina bayan na farko idan tafiyar gajeriya ce. Abin da babu gardama a kai shi ne kwamfuta, magani, caja da tufafin shiga taro su kasance tare da kai a cikin jirgi, don akwati kan makara a hanya. Batirin ajiyar caji ma ba a yarda a sa shi cikin akwatin da za a loda a ƙasan jirgi ba. Turare ko man shafawa kuwa, idan a jakar hannu suke, a yawancin filayen jirgi kada kwalba ta wuce mililita 100.

An ja kunne sosai kan rasit: a karɓa, a ɗauki hotonsa nan take tun tawadar ba ta dushe ba. Idan bambancin lokaci na da yawa, a isa kwana ɗaya kafin taron don a samu barci.