Kaizen, Six Sigma ko ISO 9001: da wanne zan fara?

Ɗan Sharaɗa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawarar waɗanda suka riga ni nake nema. Shekarata huɗu a wani ƙaramin kamfanin ruwan leda a Sharaɗa, kwanan nan aka ɗora ni a kan yaran da ke kan injin liƙi. Abin da ya hana ni sakat shi ne ledar da ke yoyo. Kusan kullum da yamma sai mota ta dawo da jakunkuna sharkaf, dillali ya ce a musanya masa. Jaka mai guda 20, ɗaya tak ta fashe, sauran ma mai saye ba ya son gani. Na yi wa yara faɗa har na gaji, mun sauya mai kawo mana leda, ba ta sake zani ba.

Maigida ya ce in nemo kwas na inganta aiki, shi zai biya. Na shiga intanet kaina ya ɗaure: wannan ya ce Kaizen, wancan Six Sigma, wani kuma ISO 9001. Difloma gare ni, lissafina ba mai zurfi ba ne. Ba na so in kashe kuɗin bawan Allah in dawo da takarda kawai.

Tsohon Ma'aikacin Masaƙa:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara ajiye ISO 9001 gefe. Shaida ce da ake bai wa kamfani bayan masu bincike, irin na hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki a Najeriya, sun duba tsarinsa da takardunsa. Tana da amfani, amma ba ita za ta liƙe maka leda gobe ba.

Six Sigma a kamfanin Motorola ta fito a 1986, burinta kada kuskure ya wuce 3.4 a cikin miliyan. Matakanta da launin ɗamara ake kiransu kamar 'yan kareti: rawaya, koriya, baƙa. Daga koriya zuwa sama lissafi ne sosai. Kaizen kuwa kalmar Japananci ce, gyara kaɗan-kaɗan kullum, wanda Toyota ta yi suna da shi. Shi ya fi dacewa da kai.

Amma kafin a biya ko sisi, ga aikin da zan ba ka. Rataya takarda da biro a jikin kowane inji. Duk ledar da ta yi yoyo a ja layi: ƙarfe nawa, wane inji, ta ina ta buɗe, ta sama ko ta ƙasa ko ta gefe. Mako biyu. Ana ba da labarin Taiichi Ohno na Toyota, yakan zana da'ira da alli a ƙasa ya tsai da injiniya a ciki, ya ce ya yi ta kallo har sai ya ga ɓarnar da idonsa. Kai ma ja kujera ka zauna. In ka ga matsala, tambayi "me ya sa" sau biyar a jere, kada ka tsaya a amsar farko, don amsar farko kusan kullum "yaro ne ya yi sakaci".

Hajiya Mai Burodi:
Ɗana, maganar faɗan nan ce ta tsaya mini. Ni ma na yi a gidan burodina, har na sallami yaro a kan ƙonewar burodi, daga baya na gane bayan tandar ne ya fi gabanta zafi. Har yau abin yana damuna. Deming, Ba'amurken da ya koyar da masu masana'antun Japan a 1950, ra'ayinsa shi ne yawancin kuskure daga tsarin aiki yake fitowa, ba daga ma'aikaci ba. In yara suka ɗauka takardar Baba ta kama mai laifi ce, wallahi ba za su rubuta gaskiya ba. Kada ka sa suna a kai.

Mai Neman Na Kansa:
Baba, a gafarce ni, takardar shaida ma tana da ranarta, musamman in zai nemi aiki a babban kamfani. Ɗamarar rawaya 'yan kwanaki ce, ba ta da lissafi mai wuya. Sai dai ya tambaya ko za su sa shi aikin gwaji a kamfaninsu. In bidiyo ne kawai da jarrabawa, ya haƙura. Ya leƙa ofishin ITF na Kano ma, wato hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, ya ji abin da suke da shi.

Ɗan Sharaɗa:
Allah ya saka da alheri. Yau kwana tara da rataya takarda, ban sa sunan kowa ba, Hajiya. Layukan sun taru wuri guda: duk lokacin da aka ɗauke wuta muka koma janareto. Na zauna na gani da idona, ƙarfen liƙin ya huce, mu kuma muna tayar da inji nan take don kada mota ta jira. Yanzu muna dakatawa har zafi ya koma inda aka saita shi, kuma ledojin farko muna matsa su da hannu kafin a zuba a jaka. Inji na biyu dai har yanzu yana buɗewa ta gefe ko da wuta. Baba, rol ɗin ledar zan fara dubawa ko saitin ƙarfen?