Attajiran Amurka masu sayen kulob a Firimiya, ina za su kai gasar nan?

Habu Ringim: Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai musun da muke ta yi a gidan kallon garinmu har yau ba mu daidaita ba, shi ne na ce bari in kawo shi nan. Mai Arsenal ɗin nan Stan Kroenke ashe ba Arsenal kaɗai gare shi ba, shi ke da Los Angeles Rams ta ƙwallon Amurka da Denver Nuggets ta ƙwallon kwando da Colorado Avalanche ta hokin ƙanƙara, har da Colorado Rapids a gasar MLS, wato babbar gasar ƙwallon ƙafa ta can Amurka. 'Yan gidan Glazer na Man U su ke da Tampa Bay Buccaneers ta ƙwallon Amurka, masu Liverpool su ke da Boston Red Sox ta wasan besbol, shi ma Todd Boehly na Chelsea yana da hannun jari a Dodgers, ita ma ta besbol. Toh mutumin da ya tara ƙungiyoyi barkatai haka, wacce ce a ransa? Kuma in irinsu suka yi yawa, nan da shekara 10 wace irin gasa za mu riƙa biyan kuɗi muna kallo?

Malam Ado Gaya: Wa alaikumus salam. Ƙanina Habu, ni ba yawan ƙungiyoyin ne ke damuna ba, tarbiyyar da suka taso da ita a harkar wasa ita ce abin tsoro. A Amurka babu faɗuwa. Ko kulob ya ƙare na ƙarshe a tebur, baɗi yana nan daram a gasar. MLS tun da aka fara ta a 1996 haka take, shiga da kuɗi ake yi ba da cin wasa ba, San Diego da ta shigo a 2025 dala miliyan 500 aka biya mata. To wanda ya zuba irin wannan dukiyar ai ba zai yarda wani ƙaramin kulob ya tura shi cikin 'yan dagaji ba. Kuma sun riga sun nuna mana nufinsu, a watan Afrilun 2021 kulob 12 suka tashi za su kafa Super League wadda waɗanda suka kafa ta ba za su taɓa fita ba, 6 daga Ingila, cikinsu akwai Arsenal da Liverpool da Man U, duka ukun a hannun Amurkawa. Magoya baya ne suka fito titi abin ya rushe cikin kwana biyu, har 'yan Man U suka kutsa Old Trafford sai da aka ɗage wasansu da Liverpool. Yanzu a Firimiya ana canja doka ne in kulob 14 cikin 20 sun yarda, kuma kusan rabi Amurkawa na da hannu a ciki. Ku lissafa da kanku. Wallahi ranar ƙarshen kaka, lokacin da mai gidan kallo ke raba talabijin biyu, ɗaya na masu neman kofi ɗaya na masu gudun faɗuwa, benci ya cika yara na leƙe ta jikin zana, kowa na addu'a kar man janareta ya ƙare, wannan ranar ita nake tsoron a ƙwace mana.

Ɗan Liti Kazaure: Malam Allah ya ƙara sani, amma a yi musu adalci mana, ba dukansu ne ɗaya ba. Liverpool a 2010 bashi ya kusa durƙusar da ita, John Henry da abokansa suka saye ta fam miliyan 300, suka kawo Klopp a 2015, aka ci Zakarun Turai a 2019, aka ci Firimiya a 2020 bayan shekara 30 ana jira, aka sake ci a 2025. Lissafin da suka koya a besbol na bin alƙaluman ɗan wasa kafin a saye shi, shi suka kawo kuma ya yi aiki. Ita kanta MLS ɗin wajen 2002 saura ƙiris ta mutu, su Lamar Hunt da Robert Kraft da Philip Anschutz suka riƙe ta suna ta tafka asara, akwai lokacin da Anschutz shi kaɗai ke ɗauke da kulob 6. Da ba masu kuɗin wasu wasannin ba ne da yau babu inda Messi zai je ya buga a can.

Malam Ado Gaya: Ɗan Liti, su waye suka jefa Liverpool a bashin? Hicks da Gillett, su ma Amurkawa ne masu ƙungiyoyin besbol da hoki. Glazer kuwa a 2005 da rance suka sayi Man U, kusan fam miliyan 790, suka ɗora wa kulob ɗin bashin, kamar mutum ya sayi gonarka ya ce amfanin gonar ne zai biya kuɗin. Har yau ba a gama fita ba, rufin filin ma yoyo yake in an yi ruwa.

Hajiya Binta Dambatta: 'Ya'yana, ni ta gida ce ta fi damuna. Pillars ta gwamnatin Kano ce, ta ci gasa a 2008, ta jera 2012 da 2013 da 2014, sai ga shi a 2022 ta faɗa ƙaramin rukuni, mutanen gidan nan ranar ko tuwo ba su iya ci ba. Amma da ta dawo a 2023 murnar ta fi ta wani kofin, shi ya sa na yarda da Malam Ado cewa faɗuwa da tashi su ne gishirin abin. Sai dai mu nan attajirin ma nema muke. Kun ga Remo Stars ta Kunle Soname, ya gina fili da makarantar horar da yara a Ikenne, ya ci gasa a 2025, kuma yana da wani kulob ɗin a Fotugal mai suna Feirense. Da masu kuɗinmu na Kano da Jigawa za su yi haka ga Pillars ko Golden Stars ai da yaran ƙauyukanmu masu buga ƙwallo ba takalmi sun samu hanya. Illar kawai kulob ɗin mutum ɗaya in ya gaji shi kenan, ina Abiola Babes da Leventis United yanzu?

Habu Ringim: Na gode Hajiya, na gode Malam. Abin da ya ƙara tayar min da hankali shi ne Kroenke ɗin nan a 2016 ya ɗauke Rams ɗungurungum daga St. Louis ya mai da ita Los Angeles saboda can ta fi kasuwa, ya bar mutanen garin da hamma. Na ji dai a 2025 Ingila ta yi dokar kafa hukuma mai zaman kanta da za ta riƙa sa wa masu kulob ido, a Jamus kuma dama akwai dokar 50+1 da ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobin kulob. Malam Ado, in aka zo sayar da Pillars wa ɗan kasuwa, hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, tana da irin wannan dokar da za ta hana shi ɗauke ta daga filin Sani Abacha ya kai ta Abuja ko Legas?