Ina alƙaluman rigakafin da ake cikewa duk wata suke zuwa?

Ummu Hanifa:
Assalamu alaikum. Duk ƙarshen wata asibitocin matakin farko suna cike fom na alƙaluman rigakafi, a kai ƙaramar hukuma. Daga nan me ake yi da su har su yi amfani?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Jami'in tattara bayanai na ƙaramar hukuma ne ke shigar da su manhajar DHIS2, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Oslo. Lamba ita kaɗai ba ta faɗin komai sai an gwama ta da wata. A ce yara 200 sun karɓi Penta 1, wato allurar farko ta rigakafin cututtuka biyar a haɗe, 150 suka kai Penta 3, allura ta uku. Manhajar za ta raba 50 da 200, ta nuna kashi 25 cikin 100 sun yanke a hanya. Da zarar an haura kashi 10, akwai matsala, sai a fita bin sawun iyaye gida-gida.

Dokta Bakatsine:
Haka ne, Malam. Amma wajen auna kashi nawa na yaran yanki aka yi wa rigakafi, adadin yaran da ake rabawa da shi ne ke yawan ɓata lissafi. Ana ƙiyasta yara 'yan ƙasa da shekara ɗaya a kashi 4 na jama'a, yawan jama'ar kuma hasashe ne daga ƙidayar 2006. Shi ya sa wani asibitin ke haura kashi 100, musamman inda ake kawo yara daga ƙauyukan maƙwabta.

Maman Iman:
'Yar'uwa, kada a bar gurbi fanko. Sifili na nufin ba a yi wa kowa ba, fanko kuwa ba a san me ya faru ba. A gwada fom da rajista kafin a sa hannu.