Yaya zan koyar da kasuwancin ƙasa da ƙasa ga 'ya'yan 'yan Kwari?

Malamin Aji Huɗu:

Assalamu alaikum malamai da 'yan kasuwa. Shawara nake nema. A wannan zangon an ɗora mini kwas ɗin kasuwancin ƙasa da ƙasa na 'yan aji huɗu, a wata jami'a a nan Kano. Handawut ɗin da na gada ya fara da Ricardo da misalinsa na 1817, yadin Ingila da giyar Fotugal, ya bi ta kan yadda McDonald's da Toyota suka kutsa ƙasashen waje, ya ƙare da tarihin WTO, ƙungiyar ciniki ta duniya. Babu ƙarya a ciki. Amma daga farko har ƙarshe ba za ka ci karo da tashar jirgin ruwa ta Apapa ko iyakar Jibiya ko Form M, takardar shigo da kaya, ba.

To ga waɗanda ke zaune a gabana. Akwai wanda mahaifinsa ke sauke kwantenar yadi daga Guangzhou zuwa Kantin Kwari. Akwai wanda idan ya tashi daga lakca Wapa yake wucewa wajen yayansa ɗan canji. Akwai wata ɗaliba da ke sayar da abayar Dubai ta WhatsApp, kuma ta fi ni sanin nawa ake biya a kilo idan kaya za su hau jirgi.

Makon da ya wuce ɗan Kwarin nan ya ɗaga hannu. Ya ce a tsakiyar 2023 mahaifinsa ya karɓi kaya bashi a hannun wani kamfanin Sin, na dala 20,000, lokacin dala tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage. Ya sayar da kayan da naira, shi ma yawanci bashi ya bayar. Kafin lokacin biya ya yi, a farkon 2024, dala ta haura 1,500. Bashin miliyan 15 ya koma miliyan 30 ba tare da an ƙara masa ko ƙyalle ba. Sai ya ce, "Malam, me ya kamata Alhaji ya yi tun farko?" Littafi yana da amsa, wai ka ƙulla yarjejeniya da banki a tsayar maka da farashin dala tun yau. Amma wane banki ne zai yi wa mai shago a Kwari wannan?

Sabuwar manhajar hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, wato CCMAS, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da ita. Tambayata biyu ce. Me zan zuba a wannan gurbin? Sannan yaya zan yi musu maki, alhali ajin ya cika har wasu a kan taga suke zama, kuma babu kuɗin motar da za ta kai su tashar jirgin ruwa?

Ɗan Dawanau:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni ban yi jami'a ba, riɗi da zoɓo nake fitarwa, amma masu digiri suna zuwa neman aiki wajena, kuma abin da nake gani shi zan faɗa.

Ka ba su kwantena ɗaya ta riɗi su bi ta a takarda, daga sito a Dawanau har ta sauka Turkiyya ko Japan. Su fara da rajistar NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje. Su cike NXP, fom ɗin fitar da kaya, ta banki. Su san kuɗin NESS, wato kuɗin duba kayan da za a fitar, rabin kashi ɗaya cikin ɗari na darajar kayan. Su nemo shaidar lafiyar amfanin gona daga hukumar NAQS. Su san cewa CBN ta ba mai fitar da kayan da ba man fetur ba kwana 180 ya dawo da kuɗinsa gida ta asusun banki. Wanda ya iya wannan gobe zan ɗauke shi aiki.

Kuma don Allah ka tsaya sosai a kan FOB da CIF, sharuɗɗan ciniki biyu da ke nuna wa ke biyan kuɗin jirgi kuma wa ke ɗauke da asara; a FOB mai sayarwa yana sauke nauyinsa da zarar ya ɗora kaya a jirgi. Kusan duk yaron da na tambaya sai ya ce a CIF mai sayarwa ne ke ɗauke da asara har kaya su isa. Ba haka ba ne. Mai sayarwa yana biyan kuɗin jirgi da inshora, amma da zarar kaya sun hau jirgi a Legas, haɗarin ya koma wuyan mai saye, daidai da FOB. Mutane sun yi shari'a a kan wannan rashin fahimtar.

Idan misalin da zai zauna musu a kai kake so, ga wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin da ake samu a ciki, irin fiya-fiyan da ake zubawa a buhu don gudun ƙwaro. Mai sito yana ganin dukiyarsa yake karewa, ashe ƙofar kasuwa yake rufe wa ƙasa baki ɗaya. Maganar Apapa kuma, ai ga tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki da aka buɗe a 2023. Adaidaita sahu ma za ta kai su.

Malama daga Zariya:

Dakta, na yarda da Alhajin Dawanau rabi da rabi. Na daɗe ina koyar da wannan kwas ɗin, kuma ina tsoron kada ka mayar da ajin jami'a wurin koyon aikin fiton kaya. Fom yana canzawa. Wanda ka koya musu bana, kafin su gama bautar ƙasa wata takardar CBN ta soke shi. Abin da ba ya canzawa shi ne dalili. Ɗan Kwarin ya san dala ta tashi, ya sha a jikinsa. Abin da bai sani ba shi ne me ya sa aka daɗe da farashi biyu, na gwamnati da na Wapa, da abin da ya sa da aka saki naira a watan Yunin 2023 dole ta gangara. Wannan aikinka ne, Alhajinsa ba zai koya masa ba.

Ni ban jefar da Ricardo ba, kayansa kawai na canza. Goron Gwanja da baƙin yadin Kano da kanwa nake sa musu, tunda fatake sun yi ƙarnuka suna wannan safarar zuwa Salaga, a ƙasar Gana ta yau. Daga nan nake tambayarsu: wane aiki mai masauki yake yi wa baƙon falke? Yana ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan za a ba da bashi. Sai na ce to ku duba abin da banki ke yi a LC, wato takardar da banki ke tsaya wa mai saye da ita cewa za a biya mai sayarwa. Matsalar ɗaya ce, mutum biyu da ba su san juna ba kowa yana tsoron ya fara saki. Daga ranar ba su ƙara rikicewa a kan LC ba.

Batun maki: ka raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da hajarsa, fata, ƙaro, citta, zoɓo. Amma ka kira kowa ya kare aikin da bakinsa ko na minti biyu ne, in ba haka ba mutum ɗaya zai rubuta sauran su sa suna.

Ɗan Maraɗi:

Malam, ku a Najeriya in an ce ƙasar waje sai idonku ya tafi Sin da Dubai, alhali ga mu nan kusa da Katsina. A Yamai Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar AfCFTA ta ciniki maras shinge tsakanin ƙasashen Afirka a watan Yulin 2019, wata na zagayowa ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka sake rufewa har Maris ɗin 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga CEDEAO, wadda kuke kira ECOWAS. Duk babin da littafi ke kira haɗarin siyasa, ga shi nan a tsakanin Jibiya da Ɗan Isa. Kayanmu da suka saba biyowa ta Kwatano sai da suka koma zagaye ta Lome.

Ka nuna musu kuma sefa ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a yuro ɗaya, ba ta motsi, naira kuwa tana yawo. Su lissafa da kansu abin da wannan ke yi wa mai kawo shanu Maigatari da mai sayen masara ya kai Maraɗi. Dokar kasuwancinmu ma daban ce, ta OHADA, wadda Nijar da Chadi da Kamaru suke ciki. Ɗalibinka da zai buɗe shago a Damagaram ita zai tarar, da 'yan duwan, wato kwastam, masu yi masa Faransanci.

Malamin Aji Huɗu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, zan ari misalin mai masauki da izininki, amma ina ganin kin rage wa fom daraja. Yaron da ya taɓa cike NXP da hannunsa, ko da an canza shi gobe, ya riga ya san tambayoyin da gwamnati ke yi wa mai fitar da kaya da dalilin yin su. Don haka makonni shida na farko zan ba nazari, sauran kuma kwantenar Alhaji.

Har yanzu dai babu wanda ya amsa tambayar ɗan Kwari. Alhaji, ku da kuke cikin harkar, me kuke yi?

Ɗan Dawanau:

Abu biyu na gani masu wayo suna yi. Na farko, duk cinikin ranar a mayar da shi dala ko yuwan kafin a kwanta, kada naira ta kwana a hannu matuƙar akwai bashin waje a kanka. Na biyu, mai shigo da yadi ya haɗa kai da mai fitar da riɗi, ko ya riƙa fitarwa da kansa, yadda in dala ta tashi abin da ya rasa a nan zai samu a can. Kuskuren Alhajin nan shi ne ya ci bashi da dala ya bayar da naira. In kana so zan zo ajin na yi musu bayani, amma ban da ranar Juma'a, kuma sai bayan kakar riɗi ta lafa.